Yadda Za Ka Kama Ƙwaƙwalwarka Tana Auna Nisa, Girma da Launi: Gwaje-gwaje a Cikin Garin Kano

Hoton da yake sauka a tantanin bayan idonka shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da gaba ba shi da baya, kuma a kife yake, kai ƙasa ƙafa sama. Babu inda aka rubuta a jikinsa cewa wannan adaidaita sahun taku goma ce tsakaninka da ita, waccan tirelar kuma tana can wajen gada. Duk da haka kana tsallaka titin Zariya da yamma, ka miƙa hannu ka karɓi canji ba tare da lalube ba, ka hango ɗan'uwanka a ƙarshen layi ba ka taɓa zaton ya ƙanƙance ba. Ƙwaƙwalwa ce take wannan lissafi, cikin saurin da ba ka ma san an yi ba.

Maganar ba sabuwa ba ce. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana a Kitabul Manazir cewa gani ba ya ƙarewa a ido, akwai ƙiyasin da hankali yake yi wanda sabo ya sa ba a lura da shi. Masanin nan Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya sake ɗaga wannan ra'ayi a 1867. Aikin ƙwaƙwalwa a nan irin na alƙali ne: shaidu da yawa suna gabanta, kowa da ɗan abin da ya sani, ita kuma ta haɗa ta yanke hukunci. Hanyar kama ta ita ce ka riƙa sallamar shaidun ɗaya bayan ɗaya, ka ga inda hukuncin zai karkace.

Ka tanadi biro biyu, farar takarda, kofi, 'yar gyaɗa, faifai, gutsuren gawayi da wayarka. Sharaɗi biyu ne: kada ka rufe ido ɗaya kana tuƙi ko tsallaka titi, kuma kada ka kalli rana kai tsaye a kowane gwaji.

Mataki na 1: Ka raba idanunka biyu

Tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu a babban mutum akwai tazarar santimita 6 da ɗan ɗoriya. Saboda haka kowane ido daga wurinsa yake kallon duniya, hotunan biyu kuma ba sa zama ɗaya. Miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da sandar wutar lantarkin da ke nesa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Yatsan zai yi tsalle gefe. Matso da shi kusa da hanci ka sake, tsallen zai ƙaru sosai. Wannan bambancin shi ne shaida na farko: idan ya yi yawa abu yana kusa, idan ya ragu abu yana nesa. Charles Wheatstone ne ya tabbatar da haka a Ingila a 1838, da wata na'ura mai madubai da take nuna wa kowane ido nasa zanen, sai mai kallo ya ga abu ya taso daga takarda. Tabarau ɗin da ake sawa a kalli fim mai fitowa waje a kan wannan dabarar aka gina shi.

Yanzu ka ga amfaninsa. Riƙe biro ɗaya a kowane hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ka haɗa bakinsu da ido biyu a buɗe. Ba wuya. Rufe ido ɗaya, ka sauke hannuwan ka sake ɗagowa, ka gwada da sauri. Sau da yawa ɗaya zai bi ta gaban ɗaya. Wanda ya fi wannan daɗi da yara shi ne na gyaɗa: a ajiye kofi a tebur kamar taku biyu daga gare ka, ƙaninka ya riƙe gyaɗa yana yawo da hannu a hankali a saman kofin, kai kuma da ido ɗaya a rufe ka ce masa "saki" idan ka ga ta daidaita. Ku yi sau goma da ido ɗaya, sau goma da biyu, ku kwatanta. Tela mai sa zare a kafar allura da mai shayin da yake ɗaga kofi sama yana zubawa a wani kofin, duk da wannan shaidan suke aiki.

Akwai kuma wata riba da za ka ɗauka daga tsallen yatsa. Tsawon hannu daga ido zuwa babban yatsa ya ninka tazarar idanu kusan sau 10. Don haka idan ka ƙiyasta faɗin wurin da yatsan ya tsallake a can nesa, ka ninka shi sau 10, ka samu nisan wurin. Misali ka saita yatsa da wata mota ƙarama da aka ajiye a gicciye, ka canja ido, sai yatsan ya tsallake tsawon mota biyu. Mota ƙarama takan kai mita 4 da rabi, biyu sun zama 9, nisan ya kama mita 90 ke nan. Ba awon safiyo ba ne, amma ya fi "ai nan ne, ba nisa" da ake gaya wa mai sayen fili.

Wannan shaidan ƙarfinsa a kusa yake. Bayan 'yan mitoci yana raguwa, abin da ke can nesa kuwa kusan hoto ɗaya idanun biyu suke kawowa.

Mataki na 2: Ka motsa kai

Koma gwajin biro da ido ɗaya, amma wannan karon ka riƙa kaɗa kanka dama da hagu a hankali. Za ka ga aikin ya yi sauƙi, domin motsin kai ya maye gurbin idon da ka rufe. Abin da ke kusa yana gudu da sauri a ido, na nesa yana jan jiki. Idan kana kujerar taga a motar Wudil ko ta Zariya, ka lura: ciyawar bakin titi tana shuɗewa baya a guje, bishiyoyin tsakiyar gona suna tafiya sannu, na can ƙarshen gani kuma kamar suna raka ka. Dalilin da yaro yake cewa wata yana bin sa ke nan. Nisan wata ya kai kilomita 384,000, tafiyarka ba ta canja wurinsa a ido ko kaɗan. Fara ma ta san wannan: kafin ta yi tsalle takan karkaɗa jiki gefe da gefe, tana auna nisan inda za ta dira.

Mataki na 3: Ka hau Dala da ido ɗaya

Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu juya maganar, mu hau Dalar mu hangi birnin. Idan ka kai sama, ka samu wuri nesa da gefen dutse, ka zauna, ka rufe ido ɗaya, ka tsayar da kai. Ka sallami shaidu biyu na farko ke nan, amma garin bai baje ya zama takarda ba. Ka nemi waɗanda suka rage.

Na farko shi ne tarewa. Rufin da ya kare rabin wani rufin shi ne a gaba, kuma wannan shaida ba ya ƙarya, sai dai ba ya faɗin yawan tazarar. Na biyu, a ƙasa mai shimfiɗa abin da ya fi nisa ya fi hawa sama a cikin hoton da kake gani, har ya je ya haɗu da inda sama ta taɓa ƙasa. Na uku, rufin kwanon da ke gindin dutsen kana ganin layin kowane falle, har da duwatsun da aka danne shi da su, amma idan ka ɗaga ido wajen Goron Dutse sai rufunan su matse su zama kamar tabarma. Haka sahun masallata yake a filin Idi idan ka duba daga baya. Na huɗu, abin da ka riga ka san girmansa: da ka hango hasumiyar babban masallacin Juma'a, ko mutum a kan keke, ƙwaƙwalwa ta samu ma'auni.

Na biyar shi ne layuka masu tafiya tare. Layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ɗaya ne daga nan har Legas, amma a ido ƙarafunan biyu suna matsowa har su haɗu. Gwada wannan a takarda: zana layi biyu masu haɗuwa a sama kamar dogo, sannan ka zana gajerun layuka biyu a kwance masu tsawo ɗaya, ɗaya a ƙasa, ɗaya can sama inda ya matse. Na saman zai fi tsawo a idonka ko da kai ka auna su da rula. Ana danganta wannan zane da Mario Ponzo, masani ɗan Italiya na farkon ƙarni na 20. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka na saman ya fi nisa, sai ta ƙara masa girma.

Na shida shi ne wanda ya fi shafar mu, wato hazo. Ko a rana mai kyau, iskar da ke tsakaninka da abu tana dusashe launinsa, saboda haka ƙwaƙwalwa ta koyi cewa dishi-dishi alamar nisa ce. Ka ɗauki hoton wuri ɗaya daga Dala sau biyu, ɗaya bayan an ɗauke ruwa a watan Agusta, ɗaya a watan Janairu lokacin da iskar arewa maso gabas take kwaso ƙura daga hamadar Chadi har a riƙa soke tashin jirage. Bayan ruwa Goron Dutse kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A hunturu kuwa ya ja baya, wata rana ma ya ɓace. Dutsen bai gusa ba, shaida ɗaya ne aka canja masa magana.

Na ƙarshe shi ne inuwa. Tun da aka halicce mu haske daga sama yake zuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe haka. Ka ɗauki hoton zanen da magina suke fitarwa a bangon soro, irin wanda za ka gani a gidajen cikin birni, da hantsi lokacin da inuwa ta fito. Juya wayar kai ƙasa, ka kulle juyawar allo. Sau da yawa abin da ya kumburo zai koma rami, ramin kuma ya kumburo. Sawun ƙafa a yashi ya ma fi nuna wannan.

Mataki na 4: Ka kama ta tana gyara girma

Ƙa'idar ido mai sauƙi ce: idan nisa ya ninka, hoton ya ragu da rabi. Sa abokinka ya tsaya taku 5 daga gare ka, ka miƙa hannu da biro a tsaye, ka auna tsawonsa a jikin biron da ido ɗaya. Ya ja baya zuwa taku 10 ka sake aunawa. Ya koma rabi a jikin biro, amma a ganinka yana nan yadda yake, ba ka ji ya rage ko taƙi ba. Ƙwaƙwalwa tana haɗa girman hoton da nisan da ta ƙiyasta, sai ta ba ka girman gaskiya.

Gwajin da ya fi tona wannan asiri shi ne na tabon haske. Yanka 'yar takarda ja ko koriya mai kusurwa huɗu, ka ɗora a kan farar takarda a wuri mai haske, ka ƙura mata ido kamar daƙiƙa 30 ba motsi. Ɗauke ido ka kalli farar takarda a hannunka, za ka ga wani tabo mai siffarta ya biyo ka. Yanzu ɗaga kai ka kalli farin bango can nesa. Tabon zai zama ƙato. Dawo da ido kan takarda, ya sake ƙanƙancewa. Wurin da ya gaji a tantanin idonka bai ƙaru ba bai ragu ba, nisan da aka jingina shi a kai ne ya canja. Emil Emmert ya rubuta wannan ƙa'ida a 1881, kuma a ganina duk wanda ya yi gwajin sau ɗaya da idonsa ba zai sake buƙatar a yi masa dogon bayani ba.

Sai kuma wata. A daren 14 ga wata, ka tsaya inda gabas take a buɗe bayan magariba. Zai fito ƙato, jajaja, a saman gidaje da bishiyoyi. Miƙe hannu ka rufe shi da farcen ƙaramin yatsa, zai ɓoye gaba ɗaya. Bayan sallar isha'i da ɗan jimawa, idan ya hau sama ya koma ƙarami a ganinka, ka sake aunawa da farcen nan. Daidai suke. Kana iya naɗe takarda ka leƙa shi ta ciki lokacin da yake ƙasa, yadda gidajen za su fita daga gani, sai ya sace nan take. Hasali ma a lokacin fitowarsa ya fi nisa da kai da 'yan dubban kilomitoci fiye da lokacin da yake tsakiyar sama. Ibnul Haisam ya jingina abin ga tunani: idan akwai ƙasa da gine-gine tsakaninka da abu, hankali yana ba shi nisa mai yawa, sai ya ƙara masa girma. Masana har yau suna jayayya a kan cikakken dalilin, amma sun yarda cewa a kai abin yake faruwa, ba a sama ba.

Masu nuna gida ko shago a hoto suna cin moriyar wannan, da sani ko ba da sani ba. Kyamarar waya mai ɗauko faɗi tana tura bangon ƙarshe baya, ɗaki ciki da falo ya koma kamar zauren taro. Ka ce dillali ya tsaya a jikin bangon ƙarshe a sake ɗauka, ko ka ƙirga tayil ɗin ƙasa.

Mataki na 5: Faifai da ƙofa

Ajiye faifai a ƙasa taku 3 daga inda kake zaune. Zagayayye kake ganin sa. Ɗauki hotonsa daga nan, ka auna faɗinsa da tsayinsa a jikin allon waya, za ka tarar da siffar ƙwai. Ƙofar ɗaki ma idan an buɗe ta rabi, gefen da ya matso ya fi ɗayan tsawo a ido, amma ba ka taɓa cewa kafinta ya yi kuskure ba. Adelbert Ames ya gina wani ɗaki a Amurka don ya yaudari wannan sabo: bangon bayansa a karkace yake, kusurwa ɗaya ta fi ɗaya nisa sosai, amma an tsara tagogi da daɓen yadda mai leƙe ta huda ɗaya zai ga ɗaki na yau da kullum. Mutum ya taka daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai ka ga yaro ya zama basamude. Ƙwaƙwalwa ta gwammace ta yarda mutum ya kumbura da ta yarda ɗaki ya karkace.

Mataki na 6: Gawayi, shadda da hasken shago

Ɗora gawayi a tsakar gida da rana tsaka, ka bar farar takarda a cikin ɗaki. Gawayin baƙi ne, takardar fara ce, ba gardama. To ga lissafin. Hasken rana tsaka yakan kai 100,000 a ma'aunin haske na luks, na ɗaki mai ƙwan lantarki kuwa 'yan ɗaruruwa ne, a ce 300. Gawayi yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, farar takarda kusan kashi 80. Gawayin yana aiko wa ido 4,000 ke nan, takardar 240. Baƙin ya fi farin haske fiye da sau 10. Abin da ƙwaƙwalwa take dubawa shi ne yadda abu yake idan an gwada shi da maƙwabtansa da suke shan haske ɗaya, ba yawan hasken ba. Huda ƙaramar kafa a baƙin kwali, ka leƙa farin bango ta cikinta a daidai inda inuwa ta faɗa, yadda ba ka ganin komai sai wurin. Sai ka ga toka-toka.

A launi ma haka ne, kuma a nan ne kuɗi yake shiga. Farar shadda fara ce a idonka da hantsi, da la'asar sakaliya lokacin da haske ya yi ja, da kuma ƙarƙashin fitila, domin ƙwaƙwalwa tana ƙiyasta launin hasken wurin ta cire shi. Amma gyaran ba ya cika, musamman a ƙarƙashin ƙwan da ya karkata zuwa shuɗi ko rawaya. 'Yan Kantin Kwari sun san haka ba tare da wani ya karantar da su ba. Mai saye tana juya atamfa tana shakka, sai ka ji yaron shago ya ce, "Hajiya, fito da ita bakin ƙofa ki gani da kyau." Shawara ce ta gaskiya, a karɓa. Yadi biyu suna iya dacewa tsaf a ƙarƙashin ƙwan shago, a fita waje su rabu, saboda rininsu ba ɗaya ba ne.

Idan za ka haɗa kaya, ka bi wannan tsari. Ka zo da ƙyallen abin da kake son dacewa da shi, kada ka dogara da abin da ka riƙe a ka. Ka fitar da su biyun inuwa mai haske a waje, ba cikin rana kai tsaye ba, domin shadda tana ƙyalli ta ɓoye launinta. Ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, gefe da gefe ba tazara. Ka ba idonka kamar minti ɗaya ya saba da hasken waje kafin ka yanke. Idan kuma da dare za a sa kayan a ɗakin taro, ka sake duba su a hasken fitila.

An ce gani ya kori ji, amma ganin hoton anko a WhatsApp bai kori komai ba. Kyamara ta yi nata gyaran launin, allon wayarka ya yi nasa, hoton kuma an matse shi a jikin yadin yadda ba a ganin hasken wurin. A 2015 hoton wata riga ya raba kan duniya a intanet, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan zinariya, wasu shuɗiya da baƙi. Shuɗiya da baƙi ce. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka rigar tana cikin inuwa sai ta cire shuɗin, suka ga fari. Ki ce wa mai sayarwa ya ɗora farar takarda a gefen yadin, ya ɗauka a waje cikin inuwa. Idan takardar ta fito da shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya, kin san hoton ya karkata.

Mataki na 7: Ka kai darasin kan titi

Ido bai ƙware a auna gudun abin da yake tunkaro shi kai tsaye ba. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. Daga mita 200 zuwa 100 hotonta yana ninkawa sau ɗaya a cikin daƙiƙa 3 da rabi, kuma ƙarami ne tun farko, ba ka jin wani canji. Daga 100 zuwa 50 ba ta kai daƙiƙa 2 ba. Daga 50 zuwa 25 ba ta kai 1 ba. Shi ya sa kowa yake cewa "kawai sai ganin ta na yi a gabana". Idan kai ma kana gudun 100 kana son wuce tirela, tazarar da ke tsakaninka da mai zuwa tana cinyewa da mita 56 a kowace daƙiƙa.

Girman abin hawa ma yana ruɗi ta fuska biyu. Babur ƙarami ne, sai a ɗauka yana nesa, a shiga gabansa. Jirgin ƙasa da tirela manya ne, sai a ga kamar suna tafiya a hankali. A mahaɗar dogo da titi, idan ka hango jirgi ka tsaya kawai, kada ka yi lissafi. Da dare tazarar fitilu biyu ce kaɗai take gaya maka nisan mota, don haka mai fitila ɗaya ka ɗauke ta mota ce har sai ta wuce. Madubin gefe mai ɗan kumburi yana ƙanƙantar da abin da ke baya don ya ɗauko faɗi, motar da ke ciki ta fi kusa da yadda ka gani. A hazo kuwa motar gabanka ta dusashe, ƙwaƙwalwa ta tura ta nesa.

Maganin duka shi ne ƙirga, ba kallo ba. Idan motar gaba ta wuce wata alama, sandar wuta ko allon talla, ka fara ƙirga daƙiƙa a hankali. Idan ka iso alamar kafin ka kai 3, ka matse ta, ja baya. A hazo ko ruwan sama ka ninka.

Mataki na 8: Ka duba idon yaran gida

Haɗa hoton idanu biyu ba a haihuwa da shi cikakke. Yana farawa ne tsakanin wata 3 zuwa 5. A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk sun ɗora jarirai 36 'yan wata 6 zuwa 14 a tsakiyar tebur mai gilashi, gefe ɗaya da daɓe a manne da gilashin, ɗaya gefen kuma daɓen yana can ƙasa kamar rami. A cikin 27 da suka yarda suka rarrafa, 3 ne kawai suka bi ta kan ramin da uwa ta kira su daga can. Sai dai masu binciken sun lura yara da yawa suna dafa gilashin gefen ramin wajen juyawa, wato da ba gilashi da sun faɗa. Yaro yana ganin zurfi tun kafin jikinsa ya iya kauce masa, saboda haka murfin rijiya da ƙofar matakalar bene suna nan a wuyan manya.

Idan ido ɗaya ya karkace, abin da muke kira harara-garke, ko ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, ƙwaƙwalwar yaro takan yi watsi da hoton wannan idon, ya zauna bai koyi gani ba. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna da 'ya'yan kyanwa cewa akwai lokacin da wannan koyo yake yiwuwa, idan ya wuce gyara ya yi wuya, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. A yara, magani ya fi ci kafin shekara 7. Maganar "zai miƙe da kansa idan ya girma" ta jawo wa yara da dama asarar ido.

Gwajin gida ba wuya. Riƙe abin wasa a gaban yaro, ka rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, sannan ɗayan. Idan bai damu da rufe ɗaya ba amma ya yi ta fizgewa da aka rufe ɗayan, mai yiwuwa wanda aka bari a buɗe ba ya gani sosai. Idan idon da aka bari ya yi motsi don ya kamo abin wasan, da ma ba shi yake kallo ba. Haska 'yar tocila daga nesa kaɗan, ɗigon hasken ya kamata ya faɗa wuri ɗaya a idanun biyu. Karkacewar da ta ci gaba bayan wata 4, ko farin abu a tsakiyar baƙin ido, a ido ko a hoto, ba na jira ba ne. A kai shi sashen ido na Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari. Idan likita ya ba da tabarau ko ya ce a riƙa rufe ido mai lafiya na wasu awanni, a daure a bi, ko da yaron yana kuka.

Babban da ya rasa ido ɗaya kuwa, sauran shaidun suna nan, kuma a cikin watanni ƙwaƙwalwa takan koyi dogaro da su. Kafin nan ya riƙa ɗora bakin buta a kan kofi kafin ya zuba, ya riƙa ɗan motsa kai idan zai kama abu, a shafa fenti mai haske a bakin kowace matakala ta gida, ya kuma juya kai gaba ɗaya wajen ɓangaren da ya rasa kafin ya tsallaka titi. Idan aikinsa walda ne, ko faskare, ko sassaƙa, ya sa tabarau mai kariya duk lokacin da zai kama aiki.